Hayaƙin Baƙo a Garin Mutane

A ƙarshen watan Yunin 2025 gwamnatin Faransa ta faɗaɗa dokarta ta hana shan taba sigari. Da ma tun 2007 an hana busa ta a ofisoshi da makarantu da asibitoci da tashoshin jirgi, a farkon 2008 kuma hanin ya shiga gidajen cin abinci da na shan kofi. Sabon abin shi ne dokar ta fito waje, ta bi mashayi har ƙarƙashin sararin Allah. Yanzu ba a kunna sigari a lambunan shaƙatawa na jama'a, ba a kunna ta a bakin teku inda ake wanka, haka nan a rumfar jiran bas da kewayen makarantu da ɗakunan karatu da wuraren wasanni. Wanda aka kama, tarar yuro 135 ce a kansa. An dai ɗaga wa teburan nan da gidajen kofi ke jerawa a bakin titi ƙafa. A can mutum yana iya zuƙar abarsa, matuƙar ya sayi abin sha. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dokar ta hau kan kowa, amma akwai wanda lamarinsa ya fi ba mu abin tunani, wato tsohon da ya yi ritaya, yake zaune a ƙasar da ba tasa ba. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ya tashi ne ya tarar ana korar taba daga wannan wuri zuwa wancan, ya saba. Ɗan ƙasa kuwa in abin ya ɓata masa rai yana da ƙuri'a a hannu, yana da ɗan majalisar da zai kai wa kuka. Tsohon baƙo ba shi da ƙuruciyar da zai sake hali cikin sauƙi, ba shi da ta cewa a dokar gari, ga shi ya shekara hamsin da kara tsakanin yatsu.

Irin waɗannan tsofaffi a Faransa ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai Baturen Ingila da ya gama aiki, ya sayar da gidansa, ya ƙetaro ya sayi tsohon gidan gona a yankin Dordogne, inda ƙauyuka irin su Eymet suka yi suna wajen yawan Ingilishi. Shi rana ya biyo, da araha, da kwanciyar hankali. Akwai kuma wanda Faransawa ke kira shibani, kalmar Larabcin Magrib mai nufin mai furfura. Waɗannan su ne samarin da suka zo daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya, wasu daga Mali da Senegal, a shekarun 1960 da 1970, suka yi aiki a masana'antar motoci ta Renault, suka haƙa kwal, suka yi gine-gine, suka share titunan Paris. Da niyyar shekara biyar suka zo, sai ga furfura ta riske su a can. Da yawansu har yau suna zaune a gidajen kwanan ma'aikata da aka gina wa gwagware, a garin Montreuil da ke gefen Paris ko a tsakiyar birnin Marseille, cikin ɗakunan da wasunsu ba su kai murabba'in mita takwas ba.

Su biyun nan, in ka zauna da su, ƙorafinsu na farko ɗaya ne: jikina ne, kuɗina ne, na san illarta, ina ruwan hukuma? Maganar tana da tushe. Masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill, a littafin da ya wallafa kan 'yanci a 1859, ya kafa ƙa'idar cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa baligi mai hankali wani abu don amfanin kansa, sai fa in abin da yake yi zai cutar da wani. Tsohon da ya zaɓi ya ƙarasa kwanakinsa da sigari a baki, a wannan ma'aunin, ba mai ikon fizge ta. Sai dai ƙa'idar da ta ba shi, ita ce kuma ta karɓe, domin hayaƙi ba ya tsayawa a huhun mai shi. A 1981 wani likitan Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba sa shan taba amma suke auren mashaya sun fi kamuwa da sankarar huhu a kan waɗanda mazansu ba sa sha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan guda ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da ba su suka kunna ba. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Bahaushe, shi ke kawo farin kai. Yarinyar da ke kai kofi daga tebur zuwa tebur awa takwas a rufaffen ɗaki ba ta zo shan taba ba, neman abinci ta zo. A kan hanin cikin ɗaki, wanda ƙasar Ireland ta fara yi wa dukkan wuraren aiki a 2004, ba mu ga abin jayayya ba, kuma tsufa ko baƙunta ba sa ƙara wa mai ƙorafi hujja ko ta anini.

A waje ne maganar take da wuya, kuma gara a faɗi gaskiya. Tsohon da ke zaune shi kaɗai a kan benci a ƙarshen lambu, iska na kaɗawa, hayaƙin da zai isa ga wanda ke nesa da shi bai taka kara ya karya ba. In da cutar da huhun wani ce kaɗai hujja, da dokar ta ce a nisanci mutane, kamar yadda birnin Milan na Italiya ya yi a farkon 2025, inda aka bar mutum ya sha a titi in akwai tazarar mita goma tsakaninsa da kowa. Faransa ba ta bi wannan hanyar ba, ta hana wuraren ne ɗungurungum, ko da kowa ko ba kowa. Hujjarta guda biyu ce. Ta farko guntayen sigari, waɗanda audugar gindinsu roba ce da ba ta ruɓewa da wuri, suna cika yashin bakin teku, ruwa na kwashe su. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa ɗan gwangwanin zuba toka ne da tarar mai yarwa. Ta biyu ita ce ainihin hujjar, ministar lafiya ta lokacin, Catherine Vautrin, ba ta ɓoye ta ba: inda yara suke, ba a son a ga taba. Manufar gwamnati ita ce a samu zuriyar da za ta tashi ba ta ɗauki shan sigari a matsayin abin da manya ke yi ba, a ƙasar da taba ke kashe kimanin mutum 75,000 a shekara.

A nan dokar ta tashi daga hayaƙi ta koma kan gani. Ba huhun yaron ake karewa ba a wannan karon, idonsa ake karewa. Abin da ake cewa tsohon kuwa, ko ba a furta ba, shi ne kai kanka, da zamanka da yadda kake riƙe karan nan, darasi ne da ba mu son 'ya'yanmu su ɗauka. Wannan magana ce mai nauyi a gaya wa dattijo ɗan shekara saba'in da biyar. Mu da muka tashi a inda saurayi ke ɓoye sigari a bayansa, ko ya murƙushe ta a tafin hannu in ya hango sa'an mahaifinsa, mun san taba da kunya tare suke tafiya. Amma a wurinmu yaro ne ke jin nauyin babba. Dokar Faransa ta juya abin, ta ce babba ya ji nauyin yaro. Da farko abin kan yi kama da rashin ta-ido, sai dai in aka natsu za a ga ba baƙon tunani ba ne. Wane dattijon kirki ne zai yi abin da ba ya son jikansa ya kwaikwaya a gaban jikan? Mashaya da yawa, in ka tambaye su, ba sa fatan 'ya'yansu su gaje su. Kusan duk wanda ya kamu da ita yana matashi ya fara, ta hanyar kallon wani. Abin da dokar ta yi shi ne ta ɗauki wannan kunyar da mutum ke ji a gaban jininsa, ta shimfiɗa ta a kan 'ya'yan kowa. Muna ganin tana da hurumin yin haka a wurin da aka gina don yara su yi wasa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a riƙa yi kamar hujjar nan ƙarfinta ɗaya da ta rufaffen ɗaki. Ba ɗaya ba ne, kuma dokar da ke tsaye a kan hujja mai rauni ya kamata ta fi sassauci ga wanda ta taka.

Ƙorafi na biyu na baƙo ne zalla: ba a tambaye ni ba. Wannan ma gaskiya ne. Baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba ba ya jefa ƙuri'a a Faransa, ko da ta zaɓen magajin gari ce, ko da ya shekara hamsin yana biyan haraji. François Mitterrand ya yi alkawarin gyara wannan a 1981, François Hollande ya maimaita a 2012, har yau shiru. Ingilishin Dordogne sun taɓa samun wannan dama a zaɓen ƙananan hukumomi, wasunsu har kansiloli suka yi a ƙauyukansu, sai ficewar Birtaniya daga Tarayyar a 2020 ta ƙwace. To, dokar da mutum bai sa hannu wajen yin ta ba, kuma ba shi da hanyar sauya ta, me ya sa za ta ɗaure shi?

Tsohuwar amsa tana nan tun zamanin Girkawa. Aflatun ya ba da labarin malaminsa Sokratis yana kurkuku yana jiran hukuncin kisa, abokinsa ya zo da shirin gudu, ya ƙi. Dalilinsa shi ne duk wanda ya ga yadda dokokin gari suke, ƙofa a buɗe, bai tafi ba, to zamansa amincewa ce. Mu ma muna da irinta a bakinmu, cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Wannan amsar ta zauna daram a kan Baturen Dordogne. Da ƙafarsa ya zo, yana da inda zai koma, kuma ƙasar da ya baro ta hana shan taba a mashaya tun 2007. Kuskuren irinsa shi ne yakan ɗauka ya sayi ƙasar ne yadda ya gan ta ranar da ya zo hutu shekara talatin baya, da tsofaffi masu hula suna busa Gauloises a gaban coci, kamar hoton da aka rataye a bango. Ƙasa kuwa mutane ne masu rai, suna haihuwa, suna jana'iza, suna ƙirga waɗanda sankara ta kwashe musu, suna sake shawara. Wanda ya zo don ya ji daɗin zama da su ba zai ce su tsaya cak don kada su ɓata masa hoto ba.

A kan shibani kuwa amsar ba ta zauna ba. David Hume, masanin falsafa na Scotland, ya riga ya nuna raminta tun ƙarni na 18, da misalin mutumin da aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, sannan aka ce tunda bai faɗa teku ba ya amince da mulkin matuƙin. Tsohon ma'aikacin da ya yi rayuwarsa a kan ƙaramin albashi, wani lokaci ma ba a rubuta shekarun aikinsa daidai ba, fanshonsa ba ya isa, sai da tallafin tsofaffi marasa ƙarfi da gwamnati ke bayarwa. Sharaɗin tallafin shi ne zama a Faransa, da wata shida ne a shekara, daga 2023 aka mayar da shi wata tara. Likitansa yana nan, magungunansa suna nan, kuɗin da yake aikawa gida daga nan suke fita. A gida kuma sa'o'insa sun ƙare, 'ya'yansa sun girma ba su san shi sosai ba. Ce wa irin wannan mutum in ba ka so ka koma garinku, magana ce ta wanda bai san dawan garin ba.

Duk da haka ba mu ce dokar ba ta hau kansa ba. Abin da ya bayyana shi ne tun asali ba a kan amincewa nauyin yake ba. Yaron da ke wasa a lambun shi ma bai jefa ƙuri'a ba. Abin da ya haɗa su shi ne wuri ɗaya suke zaune, kuma wurin ba na ɗayansu ba ne shi kaɗai. Haƙƙin maƙwabtaka ba ya jiran takardar zama ɗan ƙasa, kuma ba ya faɗuwa don an hana mutum ita. Rashin ƙuri'ar shibani zalunci ne mai zaman kansa, ya cancanci a yi faɗa a kansa da sunansa, amma ba ya zama lasisin kunna sigari kusa da lilon yara.

Akwai wani bashin kuma da ba a cika ambata ba. Hukumar da ke cin tarar tsohon nan a yau ita ce ta sayar masa da tabar jiya. Sunan sinadarin nikotin kansa daga Jean Nicot ya samo asali, jakadan Faransa a Lisbon da ya aika da ganyen fadar sarauniya wajajen 1560 a matsayin magani. Ɗaruruwan shekaru cinikin taba a Faransa na hukuma ne ita kaɗai. Kamfanin SEITA mai yin Gauloises da Gitanes mallakar gwamnati ne har zuwa 1995, kuma an daɗe ana raba wa sojoji taba cikin guzurinsu. Ko a yau da kwali ɗaya ya haura yuro 12, kusan kashi huɗu cikin biyar na kuɗin haraji ne. Mukan ce sabo turken wawa, amma karin maganar bai faɗi wanda ya kafa turken ba. Wannan ba ya hana gwamnati gyara ɓarnarta, gara ma ta gyara. Yana dai hana ta ɗaga hanci. Wanda ya ci ribar ɗaure mutum shekara arba'in, in ya zo kwance shi, da lallami zai zo. A yi mata adalci, inshorar lafiyar ƙasar tana biyan kaso mafi yawa na kuɗin magungunan daina shan taba in likita ya rubuta.

Mu koma kan teburan bakin titi da muka ce a riƙe. Wurin da hayaƙi ya fi damun na kusa a waje shi ne nan, inda kujeru ke manne da juna, mutum na cin abinci na gefensa na busa masa. Nan aka bari. Wurin da ya fi yalwa, inda kowa zai iya matsawa, shi aka hana. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa masu gidajen kofi da masu shagunan taba suna da ƙungiyoyi da murya, bencin lambu kuwa ba shi da mai magana da yawunsa. Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu shi ne kuɗi. Tebur sai ka sayi kofi, in ka daɗe ka sake saye. Benci kyauta ne. Baturen Dordogne yana da farfajiyar gidansa, yana da kuɗin kofi, dokar ba ta rage masa komai ba sai ɗan jin daɗin bakin teku. Shi kuwa mai ɗakin mita bakwai, lambun nan shi ne zaurensa, shi ne dakalin ƙofar gidansa. Can yake haɗuwa da sauran tsofaffi bayan la'asar, a yi labarin gida, a ji wanda ya rasu da wanda aka kwantar a asibiti, a miƙa wa juna kara da ashana. Duk wanda ya san majalisar dattawa a gindin bishiya, ko teburin mai shayi da safe, ya san ba shayin ne ke tara mutane ba. In aka ce tsohon nan ya zaɓa tsakanin sigarinsa da majalisarsa, akwai fargabar sabo ya rinjaya, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, ya sha tabarsa shi kaɗai a wurin da hayaƙin ya fi illa. Kaɗaici kuwa shi ma yana kashe tsofaffi, sai dai ba a rubuta shi a jikin kwali.

Wannan ce asarar da muke ganin ta cancanci a saurara, kuma ita ce masu ƙorafin ba su cika iya faɗa ba, sai su fake da kalmar 'yanci, a yi musu dariya. Ba ta rushe dokar ba. Tana dai nuna cewa wanda ya rubuta ta ya hango yaro, ya hango mai yawon buɗe ido a bakin teku, bai hango tsohon da ba shi da wani wurin zama ba.

Abin da ya rage wa tsohon bai da yawa, amma ba a ce babu ba. Yana iya barin ta. Mutane kan ce bayan shekara sittin me ya saura, sai dai binciken da Richard Doll da abokan aikinsa suka yi a kan likitocin Birtaniya, wanda aka fara a 1951 aka bi su shekara hamsin, ya nuna wanda ya daina yana da shekara sittin yakan ƙaru da kimanin shekara uku, mai hamsin kuma shida. Shekara uku ba wasa ba ce ga mai jiran auren jikarsa. Wanda kuma bai iya ba, ko bai so, babu mai ikon zaginsa, titi yana nan, dokar ba ta hana shi ba. Zai tashi daga benci, ya dogara sandarsa, ya fita ƙofar lambu, ya tsaya a gefen hanya ya gama, ya dawo a ci gaba da hira. Ga mai ciwon gwiwa wannan tafiya ce, kuma tsayuwar minti biyar a lokacin sanyin Paris ba ƙaramin abu ba ne. Magajin garin da ya kafa allon hani a ƙofar lambu yana da ikon ya sa a kafa benci biyu da wurin zuba toka a wajen shingen, nesa da lilon yara, kuɗinsu ba zai fi na allunan da yawa ba.